Ranar da na yi wa katako sallama

Ba zan taɓa mantawa da bikin jikata Hauwa ba, ko da duk sauran abubuwa sun zube daga kaina. Shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana Malam, kuma an riga an rushe tsohon gidanmu na Ƙofar Sauri an yi na siminti. Ban daina kuka ba, na dai koyi yin sa a hankali.

A wani babban ɗakin taro a GRA aka yi. Ina shiga na hango zaurenmu. Shi ne dai, da tsagewar nan ta saman ƙofa, da hasken la'asar kwance a kan tabarma, da butar Malam mai karyayyen hannu. Ga takalmansa a bakin ƙofa, na hagu ya fi cinyewa. Shekara arba'in da wani abu, in na ga takalman nan na san yana ciki.

Kiɗa ya yi mini nisa. Har ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa na ji (ƙarya hancina ya yi, amma haka na ji). Na tuɓe takalmana, na gyara mayafi, na durƙusa.

"Salamu alaikum. Malam, an dawo lafiya?"

Shiru. Dama shi ba mai saurin amsawa ba ne. Na sake yi har sau uku, sannan na miƙe na kutsa kai.

Gum! Goshina da katako.

Ashe ɗana ne ya ba wani mai zane tsohon hoto ya zana zauren don ado. Mata suka bushe da dariya. Ƙawata Hajiya Binta ta ce, "Ke Iya, mi ya kai ki? Ko a can ɗin ma ba ki barin bawan Allah ya huta?"

Mai zanen ya zo ya durƙusa yana ba ni haƙuri. Na ce, "Ɗan nan, Allah ya yi wa hannunka albarka. Ka iya zana ƙofa, saura ka koyi buɗe ta." Ya tambaya ko ya ƙara Malam zaune a tabarmar. Na ce a'a, bar mini takalman, yana ciki.

Katakon yana ɗakina yanzu. Kullum da safe ina yi masa sallama, amma daga nesa. Kuma duk ƙofar da ta yi mini kyau da yawa, sai na shafa ta da hannu kafin in miƙa goshi.