Rasuwar Dattijuwa ta Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin waya, Injiniya, mai kula da kwamfutocin ofis, yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Dattijuwa, tsohuwar kwamfutar ƙarƙashin teburinsa, rumbun da kowace na'ura a ofis take ɗibar manhajoji.

Marigayiyar ba ta taɓa korar baƙo ba. Tsohuwar sigar manhaja, sabuwar siga, da wadda ko gwada ta ba a yi ba, duk a ɗaki guda take tara su, babu wariya. Ba ta da surutu. In kaya sun yi mata yawa sai dai ta yi ƙurrr, Injiniya ya dungure ta da ƙafa, ta ci gaba da hidima. Manaja ya sha ce masa ya raba rumbun, na gwaji daban, na aiki daban, amma shi a ganinsa raba 'yan ɗaki ɗaya rashin imani ne.

Ciwon ajalin ya fara ne ranar da Injiniya ya zuba mata wata sabuwar siga don ya ɗan ɗana. Saboda karamcinta, kafin ya waiga ta rabar wa kowa. Sabuwar ta danne tsohuwar sigar manhajar da ke buɗe ƙofar ofis, wadda babu kwafinta ko'ina. Da Dattijuwa ta ga abin da alherinta ya jawo, ta yi fiii sau ɗaya, ta cika.

Ta bar firinta guda mai buga baƙin shafi zalla, da kwamfutoci marayu, da ma'aikata masu shiga ta taga, har da Akanta mai ciwon gwiwa. Ta kuma bar Injiniya, wanda tun ranar Manaja bai amsa gaisuwarsa ba, kuma yana tsoron abin da shirun zai haifa.

Za a fara da jana'izar gwaji gobe da safe a ɗakin ajiya. In ta tafi daidai, a yi ta gaske jibi. Manaja da kansa ya tsara haka, domin yanzu komai nasa sai da gwaji. Masu ta'aziyya za su tarar da injiniyoyi biyu a wurin. Sabon, wanda ake gwadawa, yana kan kujera. Tsohon yana tsaye a gefe, an ajiye shi ko za a buƙace shi, kuma shi ne za a yi wa gaisuwa.