Akuyar Barmo da Tunkuzar Kwakwa

A wani gari da ake kira Mungode, akwai kurmin kwakwa da ya bi bakin kogi iyakar ganin ido, amma da wuya ka sami ɗan garin da ya san ɗanɗanon man kwakwar. A bayan gari ake fasa ta, a matse man, a ɗura a manyan motoci ya tafi ƙasashen masu ƙoshi. Abin da ake bar wa gari shi ne tunkuza, wadda aka jibge har ta yi tsauni, ruwa ya jiƙa ta, rana ta gasa ta, warinta yana tarbar baƙo tun daga mararraba.

Shekarar da dusa ta yi wuya, dabbobi suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, sai ga wani masani ya sauka a fada. Ya ce tunkuzar kwakwa abinci ce mai kyau ga dabba, in an shanya ta sosai, aka kuma gauraya kaɗan da dusa da harawa. Mai gari Sha-Yabo ya ji daɗi ƙwarai. Majalisar Haka-Ne ta zauna, ta ga shanyawa wahala ce, gaurayawa kuma tsada, sai ta datse kan maganar da gindinta ta riƙe tsakiya. Aka yi shela cewa daga yau kowace dabba tunkuza za ta ci zalla. Wadda ta ƙi, a kai ta Gidan Gyaran Hali, wanda ke jikin kicin ɗin fada. Ba a taɓa ganin dabba ta fito daga can ba, sai dai ƙanshin balangu da yamma, alamar hali yana gyaruwa.

To, akwai wani mai kiwo, Barmo. Daga garken da ya gada wajen ubansa, akuya ɗaya ta rage masa, Kyalla, ga ta da tsohon ciki. Yana sonta son da har matarsa Kande ke masa ba'a cewa da akuya na iya tuƙa tuwo da tuni an sallame ta. Ya kawo tunkuzar ya zuba a komi... a'a, a kwanonsa na cin abinci ma ya zuba, don girmamawa. Kyalla ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya baya. Ya barbaɗa kanwa, ya sa gishiri, ya hana ta komai yini guda ko yunwa ta lallashe ta. Ta gwammace ta ci zanar danga. Tsoro ya kama Barmo har ya daina jin daɗin hira a bakin masallaci.

Ranar duba dabbobi, Sarkin Ƙoshi ya iso. Shi ne shugaban Ofishin Jin Daɗin Bisashe, mutumin da rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa tun ranar naɗinsa. Yaransa na biye da igiya. Ya dubi kwano cike, ya dubi akuya, ya ce a ɗaure.

Barmo bai san lokacin da ya durƙusa ba. Ya damƙi tunkuzar ya cusa a baki, yana tauna yana kallon Kyalla, hawaye na zuba saboda ɗaci da hamami. Da ya samu ya haɗiye ya ce, "Ranka ya daɗe, ba taurin kai ba ne. Dabba ba ta cin baƙon abu sai ta ga na gida yana ci. Koya mata nake yi, a ƙara mini lokaci."

Sarkin Ƙoshi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaya ko abin na wucewa a maƙogwaro. Barmo ya ce yana wucewa, in an bi shi da ruwa.

Kafin kasuwa ta zagayo maganar ta zama doka, aka raɗa mata suna Shirin Koyi da Mai Gida. Safe da yamma kowane magidanci ya tara iyalinsa a gaban turke, su ci tunkuza, dabbobi su kalla. Dabbobin kuwa suka kalla, da natsuwa irin ta alƙalai. Kande, da yake mace ce mai dabara, ta gano in an wanke tunkuzar, aka daka da yaji, aka zuba miyar kuka, tana shiga ba faɗa. Maƙwabta suka ɗauka. A Kasuwar Kallo, inda aka saba zuwa a tambayi farashi a koma gida, aka fara soya ƙosan tunkuza. Ragowar maiƙon ya sa goshin mutane ƙyalli, maroƙan fada suka ce ƙoshi ne. Ciwon cikin da ya game gari kuma aka ɗora wa ruwan rijiya.

Amma ko akuya ɗaya ba ta koya ba. Fatake masu sayen raguna da fatu suka kai kuka fada cewa dabbobin Mungode sun zama ƙashi da rai. Majalisa ta sake zama, ta yi dogon nazari, ta gano cewa shirin ya yi nasara, kawai dai ba a inda aka nufa ba. Tunda mutane sun nuna biyayya kuma dabbobi sun nuna taurin kai, hikima ita ce a bar wa kowa abin da cikinsa ya karɓa. Duk wanda ya buɗe rumbunsa ya ba dabbarsa dawa da gero, an yafe wa dabbar zuwa Gidan Gyaran Hali.

Wallahi Barmo murna ya yi, murna ta gaske. Da hannunsa ya buɗe rumbu. Kande ta tsaya riƙe da ƙwarya tana kallon dawar tuwonsu na zuba gaban turke.

"Malam, yanzu mu ke kiwon ta, ko ita ke kiwon mu?"

Ya ce ta yi shiru kada bango ya kai magana, ai dai Kyalla ta tsira. Ta kuwa tsira. Ta murje, gashinta ya kwanta, ta haifi tagwaye. Barmo ya riƙa zagaya su yana hamdala, ɗaure da igiya a ƙugu saboda wandonsa ya daina zama.

Ana nan tsaunin tunkuza ya ƙare, har an fara dambe a kan ragowar. Sai wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gidan Barmo ta juye kaya: ɓawon kwakwa, da ƙoƙonsa da gashinsa. Sarkin Ƙoshi ya sauko da ƙyar, ya yi masa barka da ƙaruwa, ya ce sabon abincin dabbobi ne, kuma majalisa ta ga ya dace a fara daga gidan da ya kafa tarihi.

Kyalla ta ɗago kai daga kwanon dawa, ta shinshina ɓawon, ta yi atishawa, ta juya baya. Yaran Sarkin Ƙoshi suka fara warware igiya, wannan karon mai wuya uku.

Barmo ya dubi tagwayen. Ya bi haƙoransa da harshe, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya ce wa Kande ta miƙo masa ruwa da ɗan yaji.