Ranar Da Na Yi Wa Bajamushiya Tafinta

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya gaban dukan mutanen ƙauyenmu don in nuna musu amfanin shekara huɗun da na yi a jami'a ba. Ƙauyenmu yana kusa da Hajj Abdalla, kuma ni ce mace ta farko a gidanmu da ta kawo shahada, wato takardar digiri, daga Khartum. Matsalar ita ce abin da aka rubuta a kanta: harshen Jamusanci, ko Almani kamar yadda muke cewa.

Wata bakwai na yi a gida ina amsa tambaya ɗaya. A wurin biki, a gidan gaisuwa, har a bakin tur'a, magudanar ban ruwa inda ake ɗiban ruwa: "To, mi ake yi da shi?" Na haddace amsar kamar karatun allo. Ana tarjama, ana koyarwa, ana aiki da munazzama, wato ƙungiyar agaji, ana neman minha, tallafin karatu, a tafi Jamus a yi majistir, digiri na biyu. Baffa Isa, yayan Baba, yakan saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Duka waɗannan ana yi. Ke wanne kike yi?" (A lokacin, gaskiya, wanke-wanke nake yi.)

Baba kuwa ya riga ya samo mini gurbin koyarwa a firamare. Ni ina son in koma Khartum in shirya wa jarrabawar da ake nema kafin a ba mutum minha. Muna cikin wannan ja-in-ja, shekara biyu kafin yaƙi ya ɓarke a ƙasarmu, sai labari ya zo cewa wata munazzama za ta turo baƙuwa ta duba maganar famfon ban ruwa mai aiki da rana. Aka ce Bajamushiya ce.

Baba ya kira ni ya ce, "Ɗiyata, ga ranarki ta zo. In yaren nan yana da aiki, mu gani. In na gani, ki tahi Khartum."

Kwana shida na yi ina shiri. Na rubuta jawabi shafi biyu, na nemo sunan auduga da dawa da alkama da Jamusanci, na riƙa karanta wa awakinmu. Na ari tob ɗin yayata, lafaya mai ruwan hoda. Inna ta bi gida-gida tana cewa a zo a ji ɗiyarta tana yaren hawaja, wato Turawa, har mutanen ƙauyen da ke gabanmu suka zo a kan jakuna.

Motar ta tsaya, wata doguwar mata mai furfura ta fito da mayafi a kanta. Aka zaunar da ita ƙarƙashin rumfa, aka kawo jabana, gahawarmu. Ban bari ko ƙoƙon ta ɗauka ba. Na miƙe na gyara murya na fara zuba. Na yi mata maraba da sunan manoma, na yabi dangantakar ƙasashenmu, na kawo tarihin noman yankinmu na Jazira. Ina yi ina satar kallon Baffa Isa. Har wani ɗaga hannu nake yi.

Da na gama sai matar ta yi murmushi, ta ce mini "danke", wato na gode, ta juya wajen dattawa ta ɗan russuna.

"Sannunku da gida. Mun same ku lafiya? Yaya iyali, yaya aikin gona?"

Da Hausa. Hausa tsantsa, irin ta rediyo. Ashe abin da ta karanta ke nan a jami'arsu, ta kuma yi shekara uku a Kano. Babu wanda ya ga dalilin gaya mini.

Tsofaffi suka ɗauki salati. Kakata Hajja ta ja tabarmarta kusa, suka shiga hira kamar sun shekara da sanin juna. Ni ina tsaye da takarda a hannu, ban san ko in zauna ko in gudu ba. Da a nan abin ya tsaya ma da sauƙi.

Matar ta lura da ni, ta so ta ɗan kyautata mini. Ta ce, "Ke ce tafinta, ko?"

Ni da na tashi rabin bakina Larabci, ban taɓa jin kalmar nan ba. Na ɗauka sunan wata take nema. Cikin ladabi, da ƙarfi yadda na baya za su ji, na ce, "La, ba ni ba ce. Ba mu da mai wannan suna a nan, sai dai ko ƙauyen gaba."

Baffa Isa, wanda rediyonsa ba ya barin tashar Hausa, ya ƙware da jabana. Da ya samu numfashi ya ce, "Ke! Tafinta shi ne mutarjim! Aikin da kike ta gaya mana za ki yi!"

Dariyar da aka yi, har jakunan suka firgita. Don ta cece ni sai matar ta koma Jamusanci, da saurin masu abin, ba irin na malamanmu ba. Na kama kalma uku cikin goma, na riƙa cewa "ja, ja", wato "i, i". Daga baya na gane tambayata ta yi ko famfonmu na dizal yana aiki, famfon da ya shekara biyu a mace.

Aka kwana biyu. A na uku Baba ya same ni ina shara ya ce, "Matar nan ubanta ya bar ta ta tahi har Kano don yarenmu, kuma ga shi tana cin abinci da shi. Ki tahi. Amma ki zauna da Hajja tukun, ki koyi naki."

Jamus dai ban je ba har yau. Ina koyar da ma'aikatan jinya masu son tafiya can, ta waya, su suna tafiya ni ina nan. A ƙauye kuwa babu mai kirana ustaza, wato malama, Tafinta ce har a bakin surukata. Abin da na koya bai fi wannan ba: kafin ki ɓata kwana shida kina yi wa baƙo jawabi, bari ya fara gaishe ki.