Nomau da Fulawa Mai Kaurin Ganye

A wani ƙauye da ke gefen titin Zariya zuwa Jos an yi wani mutum ana ce da shi Nomau. Gemu ya cika masa fuska, ga ƙarfi kamar bijimi, amma magana in ta shiga kunnensa, yadda ta shiga haka take zama, ba ta lanƙwasa. Yana zaune a gidan yayarsa Lantana, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ɗan lambu a bakin rafi. Da lambun nan take ci da su biyun. Tana renon fulawa a gwangwanaye da tsofaffin robobi, ta jera a bakin titi, masu motoci su tsaya su saya. Nomau ne mai ɗebo ruwa, shi ne mai tura baro, shi ne kuma mai jawo mata ciwon kai.

Wata shekara Lantana ta je Jos ta dawo da wata fulawa da ba a taɓa gani a ƙauyen ba. Gajeriya ce, ganyenta da kauri kamar yatsun jariri, in ka matsa sai ruwa ya fito. Masu sayarwa a can suna ce mata sidam. Iri-iri ta kawo, ta kuma raɗa musu suna da kanta: mai ja a bakin ganye ta zama Jan-baki, mai fari-fari ta zama 'Yar-toka, wadda ke zubowa daga tukunya tana reto kuma ta zama Wutsiyar-jaki. Nomau yana rafi aka yi raɗin sunan, ba wanda ya tuna ya gaya masa. Duk abin da Lantana ta tara a kansu ta ƙarar, tana sa ran su ne za su rufa mata asiri.

Wata rana za ta kasuwa, ta ga Nomau ya ciko bokiti zai juye wa sababbin. Ta ce, "Kai, tsaya! Waɗannan ba a cika musu ruwa. Nuna musu kawai za ka riƙa yi." Ya ce, "To, Yaya." Daga ranar, kullum da safe sai ya ciko bokiti, ya bi tukwane ɗaya bayan ɗaya, ya karkata shi ya ce, "Kin gani?" ya wuce gaba. Da ya ga aikin da sauƙi, ga ruwa ba ya ƙarewa, sai ya haɗa har da sauran furanni da dashen barkono. Kafin Lantana ta farga, barkono ya kwanta, furanni sun sunkuya. Ta ɗora hannu a ka. Nomau ya ce, "Wallahi ba wadda ban nuna wa ba. Barkonon nan ma har sau biyu yake gani."

Wata rana wani malamin makaranta ya tsaya da babur yana son a sayar masa da reshe ya dasa a gida. Lantana ta miƙa wa Nomau wuƙa ta ce, "Yi maza ka yanko min wutsiyar-jaki, kamar tsawon yatsa." Nomau ya yi mamakin abin da malami zai yi da ita, amma bai saba tambaya ba. Ya nufi turken maƙwabcinsu Baba Ilu. Ba a jima ba aka ji jaki ya ɓarke da kuka, sai ga Nomau yana ɗingishi, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da gashi. Baba Ilu na biye da shi da sanda yana cewa, "Lantana, me dabbata ta yi muku?" Malami ya tayar da babur ba ko sallama. Nomau ya miƙa gashin ya ce, "A dasa da wuri, Yaya. Mai ita ba zai yarda a ƙara ba."

Wata rana Lantana ta lura Jan-baki ta fara kore saboda inuwar mangwaro. Ta ce, "Rana suke so. Duk inda rana take, nan za ka riƙa ajiye su." Washegari ya loda tukwane a baro ya kai gabashin lambu. Rana ta ɗaga, ya dawo da su tsakiya. Da ta karkata, ya bi ta har bakin shinge. Ita kuwa ba ta tsaya a shinge ba, don haka shi ma bai tsaya ba. Ya ratsa gonaki, ya haye tudu, ya gangara, baro na tsalle, ganye na kakkaɓewa a hanya. Gab da magariba mutanen wani ƙauye suka gan shi tsaye a bayan gari ya haɗa gumi, yana kallon yamma. Suka ce, "Bawan Allah, lafiya?" Ya ce, "Ina dab da kamo ta, ta shige bayan dutsen can. Akwai hanya ta nan?" A motar itace aka dawo da shi.

Wata rana shinge ya ɓalle ta gefe guda, ga awakin unguwa suna kiwo kusa. Lantana za ta nemo mai gyara, ta ce, "Nomau, don Allah ka sa ido a kan awakin nan." Ya sami kututture ya zauna, ya sa musu ido, ko ƙiftawa ba ya so ya yi. Ta dawo ta tarar da awaki a tsakiyar lambu, an ture tukwane, an tattake rabi. Kafin ta buɗe baki ya tarye ta da murna. "Yaya, ba abin da ya wuce ni. Baƙar ce ta fara shiga. Jan-baki suka fi so. 'Yar-toka kuwa sai su ɗanɗana su tofar." Ranar Lantana ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a ƙasa tana tsintar karyayyun rassa, hawaye na zuba. Nomau ya tsaya a kanta, ya rasa inda laifin yake, don shi dai ya san ya sa ido.

Wata rana, damina ta yi nisa, aka aiko 'yar Lantana ta haihu a Saminaka, dole ta je ta zauna mata. Abin da ya rage na fulawar ya farfaɗo, shi ke nan kuma jarinta. Ba wanda za ta bar wa sai Nomau. Ta daɗe tana neman maganar da ba za ta karkace ba, sannan ta nuna bencin da take baje kaya ta ce, "Kada ka taɓa komai. Abu ɗaya kawai: wadda ka ga ta fi kyau, ka ɗora ta sama da sauran, don masu wucewa su gani."

Nomau ya zagaya, ya zaɓi Jan-baki ya ɗora a benci. Da gari ya waye sai ya ga ai 'Yar-toka ta fi ta, ya ɗora ta a kan duro. Kashegari Wutsiyar-jaki ta burge shi, ya kai ta kan katanga. Da ya waiwayi Jan-baki a benci, sai ya ga ya zalunce ta. Katanga kuwa ba abin da ya fi ta tsawo sai wani ƙaton dutse da ke bayan gida. Ya rungumi tukunya ya hau. Tun daga nan bai ƙara hutawa ba. Kullum zuciyarsa da sabon zaɓi, kullum wata tukunya na tsallake 'yar'uwarta. Mutane na wucewa gona suna cewa, "Nomau, fulawar ma aikin hajji za ta?" Shi dai hawa yake. Lambu ya zama wayam, dutse ya yi ado tun daga ƙugu har ƙeya.

Sai marka ta sauka. Aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, rafi ya cika ya tumbatsa, ya shafe duk lambunan bakinsa. Benci ya tafi, duro ya tafi, katanga ta rushe.

Labari ya iske Lantana, ta taho a gigice. Ta tsaya inda lambunta yake, ba komai sai laka da tsinke. Sai ta ji an kira daga sama, "Yaya! Sannu da hanya!" Ta ɗaga kai. Ga fulawarta jere a jikin dutse, ruwa ya wanke su ya gangare, sun yi ɓul-ɓul, Jan-baki ta yi jawur, har wasu sun fitar da ƙananan furanni. Ko ɗaya ba ta ruɓe ba.

Ta tattare zani ta hau, tana taɓa kowace tukunya tana hamdala. A can ƙololuwa, sama da kowa, ta tarar da wani tsohon gwangwanin madara, da yakuwa a ciki.

Ta ce, "Nomau, wannan fa?"

Ya ce, "Ita ta ci, Yaya. Na duba, na sake dubawa. Duk cikinsu ita kaɗai ke shiga miya."

Lantana ta zauna a kan dutse ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ta gama ta share idonta, ta tsinki ganyen yakuwar cikin hannu, ta ce ya sauko ya hura wuta.