Farfesa Des Ya Haramta Zagaye

"Ku dai ku ci gaba da zagaye a sama kamar ungulu ta hango mushe," in ji Desmond Pickersgill, yana dukan teburin kulob har kofunan shayi suka yi tsalle. "Ni na yi sallama da jahilci. Ranar Asabar za ku ga yadda mai ilimi ke tashi. Balbela tawa ce bana. Mai son shafa ta ya shafa yanzu, don daga Asabar sai da izinina."

Aboki, bari in gabatar maka da Des. Shekara talatin ya yi yana auna motocin alkama a rumbunan garin Yarrabinda. Da ya yi ritaya sai ya faɗo kulob ɗinmu na jirage marasa inji, da ƙaton tumbinsa, da farar hular da ta fi ƙarfin kansa, da bakin da bai san hutun Lahadi ba. A ƙasa babu matuƙin da ya kama ƙafarsa. A sama kuwa, sai dai mu ce Allah ya rufa asiri. Don tsiya muka laƙaba masa Farfesa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka ɗinka masa sunan a gaban riga.

Balbela kuwa sunan da muka ba jirgi mafi kyau a kulob ne, fara tas, mai dogayen fukafukai. Duk shekara mutum ɗaya ke tafiya da ita gasar jiha, wato wanda ya fi sauri a gwajin kilomita ɗari uku. Gwajin bana kuwa ranar Asabar ne. Shekara shida Des yana nema, shekara shida Noelene Trethowan tana ɗaukewa a gaban idonsa. Noelene mai kiwon tumaki ce, ta haura sittin, kuma maganarta ta yini guda ba ta cika cokali. Abin yana ci wa Des rai ƙwarai, don a ganinsa wanda ba ya iya bayani ba shi da hurumin yin nasara.

Ka san dai jirgi marar inji ba ya hawa sai ya sami ɗumin da ke tashi daga ƙasa, ya shige ciki ya yi ta zagaye yadda mikiya ke yi. In ya yi sama sai ya miƙe ya nemi na gaba. Kowane matuƙi kuma yana ɗauke da wata 'yar na'ura da muke kira 'yar tsegumi. Ita ke rubuta inda ka bi, da tsayin da ka kai, da gudun da ka yi. Har kunne gare ta, tana jin ƙara, don wasu jiragen suna da ɗan inji a ɓoye, kada a saci kunna shi a gasa. In an sauka sai kowa ya zuba nasa bayanin a kwamfutar kulob, mai son koyo ya duba.

To, nan Farfesa ya tare. Mako uku yana tonon bayanan Noelene, da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ran nan sai aka ji ya kurma ihu.

"Merv! Zo ka ga asiri ya tonu!"

Baba Merv Callaghan, shugaban kulob, dattijo mai haƙuri, ya ajiye tsintsiya ya leƙo.

"Dubi nan," in ji Des. "Wata Talata a watan Maris. Kilomita ɗari da tamanin ta yi, miƙe sambal, ba ta zagaya ko sau ɗaya ba, kuma ba ta yi ƙasa ko taku ɗaya ba! Gudun ɗari da saba'in! Ashe munafukar a gabanmu take zagaye don ta ruɗe mu. In ta keɓe sai ta miƙe abinta."

Baba Merv ya gyara tabarau. "Wannan jan layin na ƙasa fa? Ai ƙara yake nunawa, tun daga tashi har sauka."

"Waƙa take yi."

"Noelene? Waƙa?"

"To me kake tsammani? Matar da ba ta magana a ƙasa, ina kake so ta sauke nata? A sama take sakin murya. Kuma akwai hikima a ciki. Waƙa tana sassauta hannu, hannu in ya sassauta jirgi ya yi sauƙi. Kimiyya ce, Merv, ba za ka gane ba."

"Da dai ka tambaye ta, Des."

"In tambayi abokiyar gaba? In ba ta labarin na gano? Haba dattijo, koma ga shararka."

Baba Merv ya ɗauki tsintsiyarsa. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

A gida ma bai bar matarsa Glenys ta huta ba. Ya shimfiɗa taswira a kan teburin cin abinci, ya ja layi da jan alƙalami daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ranar Asabar ba sai kin haɗa tirela da mota ba," ya ce. "Wanda zai faɗi a gonar mutane shi ake wa tanadin tirela."

"To, maigida," in ji Glenys. Da ya juya baya ta fita ta haɗa tirelar da a-kori-kura, ta cika tanki, ta duba tayoyi. Shekara talatin da takwas suna tare.

Asabar ta zo da rana mai kyau, gajimare fari ƙanana-ƙanana ko'ina, irin ranar da ko ƙofar gareji ka jefa sama sai ta hau. Des ya ja tsohon jirgin kulob zuwa layi, ya ɗura wa fukafukansa ruwa har wuya, don nauyi yana ƙara gudu. Da ƙyar aka cusa shi ciki aka rufe murfi a kan tumbin.

Jirgin ja mai inji ya ja shi da igiya zuwa mita ɗari shida, ya sake shi. Can gefe ga Noelene da sauran mutum biyar suna zagaye a cikin ɗumi, suna hawa kafin su kama hanya. Des ya dube su ya yi tsaki, ya danna hancin jirgi gaba, ya miƙe yamma.

"Des," muryar Baba Merv ta fito a oba-oba, "ba za ka hau ba tukuna?"

"Hawa na masu tsoro ne. Sai mun haɗu a wurin karɓar makullin Balbela."

Sai ya fara waƙa, tunda waƙa na cikin tsari. Bai lura ba babban yatsansa yana kan maɓallin oba-oba, saboda haka duk jirgin da ke sama, da duk wanda ke zaune a inuwar kulob, sun ji Farfesa yana rangaɗa wa kansa kirari da muryar da ta fi kama da ƙofar shago: "Des na Glenys, mikiya ba ka zagaye! Des mai ilimi, iska ma ɗalibarka ce!"

Ɗumi na farko ya daki fiffikensa na dama, jirgi ya yi tsalle yana roƙon a juya. Des ya ce, "Ba ni ba." Ya wuce. Na biyu ya zo, har da mikiya ta gaske a ciki tana hawa abinta. Ta dube shi, ya dube ta. "Jahila," in ji Des. Ya wuce.

Allurar tsayi ta ce ɗari huɗu. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta ce ɗari uku da hamsin.

"Waƙar ce ba ta isa ba," ya ce, ya ƙara murya.

A ɗari biyu da hamsin ya fara gane tumaki ɗaya-ɗaya. A ɗari biyu ya ga wani kare, har ya ga karen yana da tabo a kunne. Nan fa kirari ya tsaya cak, gumi ya karyo.

"Merv," ya ce da 'yar siririyar murya, "akwai matsala a iskar yau. Ba irin ta Talata ba ce."

"Saki ruwan, ka nemi ɗumi, ka zagaya, Farfesa!"

Ya ja marfin ruwa. A daidai lokacin wani manomi, Clarrie Dunstan, yana tsaye a gonarsa da ta yi wata biyar ba ta ga ɗigo ba. Sai ya ji yayyafi a wuya. Bawan Allah ya cire hula, ya buɗe hannuwa, ya ɗaga kai zai yi godiya, sai ya ga tumbin jirgi yana wucewa da wani jan mutum a ciki yana zare ido.

Mutumin da ya haramta zagaye, yanzu shi ne a kan rufin kwanon rumbun Clarrie yana zagaye, yana lallashin ɗan ɗumin da kwanon ke bayarwa. Minti arba'in ya yi a wurin, ba hawa ba sauka, yana roƙon duk wanda ya tuna. Kaji suka gaji da gudu suka tsaya kallo. Daga ƙarshe iskar ta ce ta gaji, jirgi ya sulalo, ya bi ta kan shinge da kamar taku biyu, ya dira a makiyaya, ya gangara a hankali ya tsaya da hancinsa a cikin kwamin ruwan shanu.

Clarrie ya iso a kan babur, karen na biye.

"Sannu, aboki. Injinka ne ya mutu?"

"Ba shi da inji," in ji Des, yana ƙoƙarin zaro tumbi.

"To ai shi ya sa," in ji Clarrie. "Daga nesa kake?"

"Daga Yarrabinda."

Clarrie ya juya ya dubi gabas. Ga rumbunan alkamar garin can, ana ganinsu sarai. "Ai da ka ce kana son zuwa da na zo na ɗauke ka."

Awa biyu Des ya yi yana kora ƙudaje da hula, yana kuma kora shanu, waɗanda suka gano cewa fiffiken jirgi yana da daɗin lasa. Wata saniya ta bi bayansa ta lashe masa wuya. Can sai ga Glenys ta iso da tirela. Suka kwance fukafukai, suka tura jirgin ciki, ta miƙa masa gorar ruwa, ta zauna a kujerar direba. 

Da la'asar sakaliya kowa ya dawo. Ana gasa nama da albasa a bakin kulob, sai Baba Merv ya kunna babban allo don a duba tafiyar kowa, kamar yadda aka saba. Noelene ta gama ɗari ukunta cikin awa uku da 'yan mintoci. Aka tafa mata, aka miƙa mata makullin rumfar Balbela. Des ya miƙe, hula a hannu, wuya na warin saniya.

"Kafin a rufe magana, ina da ƙorafi! Matar nan tana ɓoye wa kulob ilimi. Merv, buɗe ta Talatar nan. Noelene, faɗa wa jama'a yadda kika yi ɗari da tamanin ba zagaye!"

Noelene ta gama tauna lomarta. Ta dubi allon.

"Jirgin ja mai inji na tuƙa na kai gyara. 'Yar tsegumina tana cikin jaka."

"To waƙar fa?"

"Inji ne, Des."

Wani ya ƙware da giya, sai da aka bubbuga masa baya. Wani ya kwanta a kan benci yana shure-shure. Daga can baya aka fara rera "mikiya ba ka zagaye", mutum goma suka amsa.

Da mai kunya ne, da ya nemi ƙofa. Amma Des ba a nan ya tsaya ba. Ya hango nasa layin a allo, idonsa ya yi haske.

"Ku dakata! Ku yi dariyarku, amma lamba ba ta ƙarya. Dubi ƙarshen tafiyata! Ga shi nan, kilomita talatin da ɗaya, ba zagaye ko ɗaya, tsayi bai ragu ba, gudun casa'in daram! Wa ya ce tsarina ba ya aiki? Wannan hannun gwani ne!"

Baba Merv ya matsa kusa da allo, ya bi layin da yatsa a hankali.

"Gaskiyarka, hannun gwani ne. Sashen farko, kilomita goma sha huɗu cikin minti hamsin, wannan naka ne. Sashe na biyu kuwa, ga shi ya bi ta gada, ya tsaya wa jirgin ƙasa a mararraba, ya shigo ta ƙofar kulob. Ka manta ba ka kashe 'yar tsegumi ba da kuka sa jirgin a tirela."

Ya juya ya nemi Glenys, wadda ke yanka burodi a bakin tebur, ya cire mata hula.

"Ashe dai akwai matuƙi a gidan Pickersgill. Glenys, baɗi ke za ki shiga gwajin. Shi kuma ya haɗa miki tirela."