Hotona a Wayar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Doha ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau idan na hango ɗan sanda riƙe da 'yar na'urar nan mai kama da waya, sai gabana ya faɗi.

Surukina likita ne, yana zaune a unguwar Al Gharrafa. Shi ya nemo min aikin injiniya a wani kamfanin gas, shi ya tsaya min har na shigo ƙasar, kuma shi ya bar min tsohuwar motarsa. Sau uku yana cewa in zo mu je a mayar da takardunta sunana, ni kuma ina cewa, "Gobe insha Allah, Baba." (Goben nan sai da ta kai wata takwas.)

A wannan Juma'ar ya shirya saukar Alƙur'ani a gidansa don mahaifinsa da ya rasu. Da kansa ya kira ni. Matsalar ita ce ƙungiyar ƙwallon da nake mutuwar so tana da wasa da la'asar, kuma abokai sun kama mana tebur a wani shagon shayi a kasuwar Souq Waqif. Na gyara murya na ce an sa ni aiki a wajen gari. Ya ce, "Allah ya taimaka, ka kula da hanya." Ko matata Hajara ban gaya wa gaskiya ba. Na sa kayan aiki na fita a gabanta, ita ta hau tasi zuwa gidansu, ni kuma na canza zuwa rigar ƙwallo a cikin mota kamar ɓarawo.

Ban sami wurin ajiye mota ba, wasa kuma har an take. Sai halin gida ya motsa, na ɗora ta a gefen titi inda aka hana tsayawa. Da aka tafi hutun rabin lokaci na leƙo, sai ga ɗan sanda tsaye a gabanta yana latse-latse.

To, ni na taso inda ake lallashin jami'in hanya. Ka yi gaisuwa, ka ba da haƙuri, ka haɗa shi da Allah, kuma muddin biro bai taɓa takarda ba akwai sauran magana. Na duba hannunsa, babu biro, babu takarda. Na ce a raina, alhamdulillahi, na zo da wuri.

Na fara da Turanci, na koma Larabcina na masallaci, daga ƙarshe har "ranka ya daɗe" sai da ta suɓuce min. Ya ci gaba da latse-latsensa. Sai na fito da makamin ƙarshe: na durƙusa. Ni, injiniya, mai iyali, na zube a gaban mota dab da lambarta, na ɗaga hannuwa biyu. Ya yi min alama in matsa, yana cewa, "Yalla, yalla." Na zaci yana gwada ƙarfin nadamata ne, sai na ƙara yin ƙasa. Ya ɗaga na'urar ya latsa.

Masu turin kaya sun tsaya da kurarsu suna kallo. Wani dattijo daga cikinsu, Bahaushen Ghana, ya ce, "Ɗan'uwa, tashi mana! Nan ba a roƙo." Ɗan sandan ma da mutunci ya miƙar da ni, ya juyo min da fuskar na'urar ya ce, "Khalas," wato an gama. Ya yi min bayani cewa abin ya riga ya tafi, shi kansa ba shi da ikon gogewa, kuma saƙo ya isa wayar mai motar.

Mai motar. Wato surukina.

Ban ko buɗe ƙofar motar ba waya ta yi ƙara. Hajara ce. Ta ce, "Kana ina?" Na ce, "Ina wajen aiki." (Har yanzu ban san me ya sa na ƙara ba.) Ta ce, "Abba ya ce idan an tashi wasan ka zo, abinci yana hucewa."

Kun san abin da na yi? Na sake mayar da kayan aikin, na shiga gidan da su. An gama addu'a, baƙi sun watse, daga ni sai shi a falo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Wayarsa kawai ya miƙo min. Ga wuri, ga lokaci, ga hoton lambar mota, ga ni a gefenta cikin rigar ƙwallo, gwiwa a ƙasa, baki a buɗe.

Ya ce, "Wata takwas kana gaishe ni a tsaye, na ce ko halin Doha ne. Ashe gwiwar tana lanƙwasuwa."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na zame daga kujera zan durƙusa, ya ce, "A'a, bar shi. Na riga na gani."

Ranar Lahadi da sassafe ya ɗauke ni muka je aka mayar da motar sunana. Bai taɓa tayar da maganar ba kuma. Amma tun daga ranar, duk abin da na faɗa a gabansa, ko da cewa na yi an yi zafi a waje, sai ya juya ya dubi 'yarsa ya ce, "Haka ne?" Wannan tambayar ta fi min tarar ciwo, kuma ban ga ranar da zai daina ta ba.

Abin da na koya? Na'ura ba ta jin roƙo, kuma ba ta rufa asiri. Yanzu duk Juma'a ina Al Gharrafa tun kafin a kira ni, motata a cikin layi, gwiwata a ƙasa. Yakan amsa gaisuwar, sannan ya dubi Hajara.