Rasuwar Balaraba, Na'urar Saƙar Tahirou

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga abin da aka ƙaddara, Tahirou Moumouni, mai walda a unguwar Tayuri ta birnin Sabha, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urar saƙarsa, Balaraba, wadda ta cika ranar Talata bayan azahar, tana tsakar aiki.

An haifi marigayiyar a bayan warsharsa ta walda, ƙarƙashin rumfar kwano. Tahirou ɗan masaƙa ne daga Mirriya, ya taso yana ganin maza na tsufa a zaune, ƙafa na taki, hannu na jefa ƙoshiya, har bayansu ya ranƙwafe. Da ya zo Libiya ya koyi walda, sai tunani ya hana shi sakat: me zai hana ƙarfe ya ɗauke wa mutum wannan wahala? Ya zana ta da gawayi a jikin bango, ya goge, ya sake zanawa. Ta farkon da ya ƙera ba ta iya komai ba sai tsinka zare. Ta biyu ta harba ƙoshiya ta saman katanga, ta sami akuyar maƙwabta a goshi. Ta uku ta motsa ranar Laraba, a ƙasar Larabawa, don haka ba a yi gardama kan suna ba.

Marigayiyar ba ta fi teburin mai shayi girma ba, kuma ba ta da girman kai. Audugarta wani abokin Tahirou, Haroun, ne ke shuka ta tsakanin itatuwan dabino a gonar da yake gadi a Zighan, matan unguwa su kaɗa. Zaren yakan zo da kauri nan, siriri can, amma ba ta taɓa tofar da shi ba. Ta saƙa gwado ga leburori masu kwana a kangon gini lokacin sanyi. Ta saƙa majanyi ga masu jego da ba su da uwa a kusa. Maganarta ɗaya ce, ba ta canzawa: taf-taf-ƙirrr, taf-taf-ƙirrr. Tsakani da Allah, tana da nata rauni. Gefen hagu na saƙarta bai taɓa miƙewa ba, kuma tana shan mai fiye da kima. Ana roƙon duk wanda ya lulluɓa da karkataccen gwado ya yafe mata.

Ciwon ajalinta ya fara ne da tari, saboda rairayin da ya shige mata ciki. Tahirou ya yi jinyarta da buroshi da man inji, matarsa Saratou ta sadaukar da zanenta aka riƙa rufe ta. Har ta fara samun sauƙi. Ranar Talata aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe, aka dawo da shi da ƙarfin da ya wuce misali. Balaraba ta zabura ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, ta saƙa taƙi guda kafin a ƙifta ido. Sannan ta ce taf, ta dakata, ta sake cewa taf, hayaƙi ya tashi. Tahirou ya buɗe ƙirjinta ya sansana. Ya cire hularsa ya zauna a ƙasa.

Ta rasu ta bar maƙerinta, da Saratou, da maƙwabciyarsu Kaltoumi mai tsohon ciki, wadda majanyinta ya tsaya a rabi. Ta kuma bar mahaifin Tahirou, Malam Moumouni, tsohon masaƙi a Mirriya, wanda idonsa ya tafi, gwiwarsa ta daina taki. Bai taɓa taɓa ta ba. Duk Juma'a yakan sa a kira masa ɗansa, a kara wayar a jikinta, ya saurara ya ce bugun ya yi sako-sako, a ɗaure. Da kunne ya gyara ta. Tahirou ya yi masa alkawarin kai ta gida da kaka, ta zauna a rumfar da ya bari.

Za a yi mata wanka da man gazuwal ranar Alhamis bayan la'asar, a kwance ta gaɓa-gaɓa. Motar lantarkin cikinta da ta ƙone za a raka ta makwancinta wajen mai sayen tsohon ƙarfe. Ragowar majanyin, Saratou za ta ƙarasa shi da allura. Ba a buƙatar shawarar abin da ya kamata a yi tun farko.

Za a karɓi gaisuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a bayan warsha. Ana roƙon jama'a su zo da wuri su zauna kusa da Tahirou, domin lokacin ne wayar Mirriya ke shigowa, kuma har yanzu ba a gaya wa tsoho ba.